Lambar Gidan Yaya

Ni direban motar asibiti ne. Aikina a kira ni in je in ɗauko mutum kafin jininsa ya ƙare. Surutu bai dame ni ba, abin da hannu ya yi nake dubawa. Shi ya sa nake so a san da zaman wani mutum da unguwar bayan mayanka take kira Kawu Tsani.

Unguwar nan ba tsara ta aka yi ba, zubo ta aka yi. Lungu ya haifi lungu, katanga iri ɗaya, ƙofar kwano iri ɗaya, kwata a tsakiya. Da can in an kira mu, kwatance ake yi: "Ka wuce mai niƙa, ka sha kwana wajen bishiyar da aka sare." Bishiyar da aka sare! Ina zan ga abin da babu? Mun sha isa ƙofar gida mu tarar an riga an ja wa mutum zane har ka.

Kawu asalinsa mai rubutu ne a jikin manyan motoci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcensa bai taɓa rabuwa da fenti ba. Ba mata, ba ɗa. Abin da yake da shi a duniya yayarsa ce, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Yaya tana da ciwon numfashi. In ya taso mata, ƙirjinta kuka yake kamar ƙofa mai tsatsa. Wata rana ya taso, aka kira mu, na yi ta zagaye da jiniya ban ga gidan ba. A bakin titi muka haɗu. Kawu ya turo ta a baron kwasar yashi, leɓɓanta sun yi baƙi. Da ƙyar ta sha. Bai zage ni ba, dubana kawai ya yi ya ce, "Gobe in ba na gida fa?"

Don haka da hukumar gari ta tashi sa wa layuka suna, gidaje lamba, ya bar motocinsa ya karɓi aikin unguwar. Sunan ma sai da aka fasa kawuna a kansa, kowane mai tumbi yana so layi ya ci sunan ubansa. Hukuma ta gaji ta ce a bi ƙidaya. Kawu ya saɓa tsani, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki. Babban allon ƙarfe shuɗi a bakin kowane layi, ƙarami a kan kowace ƙofa. Ya zaunar da Yaya ya biya mata kamar karatu: layi na tara, gida na sha biyu.

"Ko sunanki kika manta, Yaya, kar ki manta wannan."

"Kai dai Allah ya shirye ka, auta. Tsufa na yi, ba hauka ba."

Mu aiki ya yi mana sauƙi. Sai dai hanyar da motar asibiti ta gane, motar 'yan sanda ma ta gane ta. Kuma unguwar a hannun 'yan daba take. Ubangidansu ana ce masa Barandami, ɗan Yaya ne na cikinta.

Da farko ɓanɓare allunan suka riƙa yi suna jefawa a kwata. Kawu ya tsamo, ya wanke, ya mayar. Wata safiya na je ɗaukar mai naƙuda, na tarar da shi a kan tsani sun zagaye shi.

Barandami ya ce, "Kawu, sauko mu gaisa mana."

"Ina jin ka daga nan."

"Allon nan naka ya kawo mana baƙi jiya. Sun tafi mini da yara."

"Uwarka na yi wa, ba baƙinka ba."

"Uwata ni zan ɗauke ta a kafaɗa."

"Ranar baro kana ina?"

Sai aka shure tsanin. Ya faɗo da bayansa, suka rufe shi da gora da ƙafa. Na ji ƙarar haƙarƙari daga cikin mota. Barandami yana tsaye yana sakace haƙori, ya ce, "Ku bar fuskar, kawuna ne." Suka kwashe da dariya, suka karya tsanin biyu. Ni da nas ɗin da muke fita tare muka ɗora shi kusa da mai naƙudar. Kafin ƙirjinsa ya daina ciwo ya haɗa wani tsanin da katakon akwati.

Da suka ga cirewa ba ta ci ba, sai suka canza dabara. Suka daina jefarwa, suka koma musaya. Allon wannan layi su kafa shi a bakin wancan, na wancan su kai shi can gaba, don in 'yan sanda sun zo su fasa ƙofar da ba ita ba. Ido ba ya gane wannan. Allo yana nan, shuɗi, ƙusa a mazauninta. 'Yan unguwa ba sa duba allo, ƙafarsu ta san gida. Baƙo kaɗai yake dubawa, kuma ni baƙo ne.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka aka kira mu. Muryar tsohuwa a waya, tana haki: "Layi na tara, gida na sha biyu. Sun sare mini ƙane." Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Kawu ya lura da musayar, ya fara gyara daga ƙofar Yaya, don har ƙaramin allonta sun canza. Yana riƙe da ƙusa wani yaron Barandami mai suna Ƙwaro, ya sha ƙwaya ta gaya masa ƙarya, ya zo ta baya ya sauke masa adda a hannu.

Ni kuwa na ga allo ya ce tara, na karya kan mota na shiga. Na yarda da shi don na san wanda ya buga shi. Layin ya yi ta tsukewa har madubi yana gogar katanga, sai ga ni gaban babbar kwata, ba gaba. Nas ta leƙa tana tambayar mata, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. A unguwar nan in an ga jini, baki mutuwa yake.

Ina ƙoƙarin ja da baya sai ga mutum a guje, riga jiƙe da jini, adda a hannu. Barandami. Na ce yau tamu ta ƙare. Ya daki gilashin gefe da ƙotar adda ya tarwatse a cinyata, ya ɗafe ƙofa.

"Baya! Baya, don ubanka! Wannan na huɗu ne!"

"Allo ya ce tara."

"Ni na ce maka huɗu! Ni na sa shi!"

Haka muka fita da baya, yana rataye yana zagin duk wanda ya gifta. Wani mai kura ya tare hanya, Barandami ya sauka ya kifar da kurar da mai ita, ya dawo.

Mun tarar da Kawu a zaure, jini ya bi ƙasa har bakin kwata. Yaya ta ɗaure masa dantse da ɗankwalinta, tana danne da gwiwa, nata ƙirjin yana kuka. A waje Ƙwaro yana kwance, fuskar ba ta ganuwa. Wannan aikin Barandami ne, jinin rigarsa ke nan. Muka kwashi duka biyun. A hanya Kawu ya buɗe ido.

"Direba, ka bi allo?"

"Na bi, Kawu."

"To allon ne ya yi maka ƙarya, ba ni ba."

Likita ya ce da mun iso da wuri da an ceci hannun. Aka yanke daga wuyan hannu, na dama.

Mai hannu ɗaya ba ya riƙe ƙusa ya buga. Kowa ya ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya dawo da bokitin fenti rataye a dungulmin, buroshi a hagu. Ya bar ƙarfe. A jikin katanga ya riƙa rubutawa, lamba tsawon mutum, a bakin kowane layi da gefen kowace ƙofa. Rubutun hagu ne, a karkace, fenti yana zuba kamar hawaye. Ya ce, "Mai son musaya ya zo ya ɗauki bango."

Barandami bai ba shi haƙuri ba, ni dai ban ji ba. Yana zaune a kan dakali yana kallo. Wani cikin yaransa ya zo da baƙin mai zai shafe taran, Barandami ya tashi ya karya masa hanci, ya koma ya zauna. Ban ce ya shiryu ba. Har yau ina kwasar waɗanda ya sara.

Da damina ciwon Yaya ya sake tasowa, Kawu yana can wata unguwa yana aiki. Ita ta kira da kanta, muryar kamar ana shaƙe ta. Na shigo ana ruwa, na ga karkataccen tara a bango, na karya kai. Sha biyu na nan inda ya kamata. Nas ta sa mata abin shaƙa tun a zaure, kafin mu hau titi numfashin ya fara sauka.

Da yamma Kawu ya same ni a harabar asibiti ina wanke mota. Bai yi godiya ba, ni ma ban nema ba. Ya zagaya motar, ya tsaya a baya yana duban lambarta.

"Wannan ta koɗe," ya ce. "Gobe ka kawo ta."