Muryata a Mataki na Biyar

Hayaƙin na fara gani. Na shiga gidan goggona a unguwar Alsawra ta Umdurman da kwanon kisra, wainar dawarmu mai faɗi, a hannu, sai ga wata jar mota a cikin talabijin tana gudu, baƙin hayaƙi na fita ta bayanta, wata fara kuma tana tunkuyinta. Daga baya ne idona ya sauka kan mai tuƙin: ɗan goggona, zaune a ƙasa, gabansa wani allo mai maɓallai da aka haɗa da talabijin, kusa da shi ƙaramar rikoda. Babansa ne ya zo da na'urar daga Jidda. Ta hannu ce, har rubutun wasu maɓallan ya goge.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kai ne ɗan sanda. A nuna maka motar ɓarawo, a ba ka ɗan lokaci, ka kamo shi ka yi ta dukansa har motarsa ta kama wuta. Ɓarayi biyar ne, kowanne ya fi na baya gudu. Duk abin a cikin kaset yake, irin kaset ɗin waƙa. A sa shi a rikoda, ta yi ta ƙara kamar ana goga ƙarfe a layin maƙera na kasuwar Umdurman, a yi ta jira, sannan titi ya fito. Ɗan goggona ya kama uku. Na huɗun ya gagare shi, ko lokaci ya ƙare, ko a ɗauke wuta yana dab da shi.

Shekarata goma sha bakwai, kaina cike da ƙananan littattafan soyayyar da ake bazawa a ƙasa a kasuwa. Tun daga ranar na kasa zama a gidanmu. In kai gishiri, in koma karɓo kwano, in sake komawa wai na manta murfi. Ina wanke-wanke ƙafata na rawa.

"'Yar kawu, matsa, kin tare min titi," abin da yake ce min ke nan.

"Yaya, ba ka gajiya?"

"In na ga motar na biyar sai in gaji."

A gidanmu kaset wasiƙa ce. Habboba, kakarmu, ba ta rubutu, don haka in za ta gaida ƙanwarta da ke Kano ko kawunmu na Jidda, ni ce mai danna mata rikoda. Ƙa'idar biyu ce. A tura kaset gaba har inda ya yi shiru, daga nan a fara. Kuma ba a cika shi, domin a kansa amsa za ta dawo. Kullum sai Habboba ta ce, "Tsaya nan, bar musu wurin amsa."

A littattafaina kuwa, mace takan ɓoye wasiƙarta a cikin abin da masoyinta ya fi so. Wata safiya da ya tafi makaranta na ɗauke kaset ɗin daga kan talabijin. Na toshe ramin samansa da takarda yadda muka saba don ya ɗauki murya, na saurari ƙarar nan har ta ɗauke. Shiru. Na ce wasa ya ƙare. Na danna, na yi ta magana har maɓallin ya ɗago da kansa. Kafin azahar na mayar da shi wurinsa.

Kwana tara ban ci abincin kirki ba. Ko wace sallama aka yi a ƙofa sai in zabura.

Ranar Juma'a muka taru a gidan goggo bayan abincin rana. Habboba na kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, goggo na soya kofi a kasko, babban yayana na zaune kusa da mai tuƙi yana ba shi shawarar da ba a tambaye shi ba. Sai motar na huɗu ta kama wuta. Ɗan goggona bai yi ihu ba. Talabijin ya rubuta a ci gaba da kaset, ya miƙa yatsa ya danna.

"Assalamu alaikum," in ji rikoda, da muryata. "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya..."

"Wa alaikumus salam," in ji Habboba, ta tashi zaune. "Daga Kano ne? Ku ƙara murya."

Yayana ya ƙara. Duk ɗakin ya ji ina cewa kullum in yana bin motar nan, ni ma zuciyata bin sa take yi, kuma ita ba a ba ta lokaci.

"Ya salam," in ji yayana, ya kwanta yana dariya. "Ɓarawo na biyar ashe a gidanmu yake."

Goggo ta ci gaba da juya kofinta kamar ba ta da kunne. Habboba ta dube ni ta ce, "Gaisuwar dai kin iya."

Ɗan goggona ya kashe rikodar. Idonsa na kan talabijin ya ce, "Daga ina kika fara ɗauka?"

"Inda ya yi shiru."

"Shirun nan tsakanin na huɗu da na biyar ne."

Ashe ɓarawo na biyar na goge da muryata. Ya yi makonni yana tsallaka gada zuwa Khartoum neman wani kaset ɗin, bai samu ba. Ni kuma na daina zuwa gidan, na koma zirga-zirga tsakanin ɗaki da ƙofa ina jiran amsa. Ko eh, ko a'a, ko zagi. Babu wadda ta zo. Su goggo suka tashi suka koma unguwar Hajj Yusuf, ni ma bayan shekaru na yi aurena, na bar unguwar.

Na riga na haifi biyu ranar da na shiga wata hafila, ƙaramar motar haya, zan je kasuwar Umdurman. Na zauna bayan direba. Fasinjoji sai mita suke yi, har raksha, keke mai ƙafa uku, tana wuce mu. Na ɗaga kai, muka haɗa ido a madubi. Ashe ɗan goggona ne, furfura ta fara masa a gemu.

"'Yar kawu," ya ce, bayan mun gaisa mun tambayi kowa. "Har yau ban san launin motar na biyar ba."

"Ni ma har yau ban ji amsata ba, Yaya."

"Na saurara fa. Har ƙarshe, ba sau ɗaya ba."

"To me ya hana ka?"

Ya rage gudu, ya bar wata mota ta shiga gabansa. "Kin cinye kaset ɗin gaba ɗaya. Ba ki bar min wuri ba."

Na sauka a bakin layin masu yadi, ƙafata na rawa kamar dā. Har yanzu tuƙi yake yi. 'Ya'yansa uku, duka mata, kuma goggo ta ce a duk direbobin tashar babu wanda ya kai shi tafiya a hankali.