Ranar da kwamfuta ta zaɓi na ƙarshe

Har gobe ina tuna wata Alhamis a makarantarmu ta Anka, kuma na san ba za ta fita raina ba. Ina aji uku a lokacin, yarinya ce ni da ko gaisuwa sai an matso ake jin muryata.

Malamin kwamfuta yana koya mana wani yaren kwamfuta mai suna Perl. Da aka tashi tura ɗalibai jarrabawar makarantar kimiyya a Gusau, sai ya ba ni aikin shigar da sunaye: kowane ƙauye 'yan mata uku, daga ta ɗaya zuwa ta uku, da waƙafi tsakaninsu.

Takarda ta fito da suna ɗaya tak a kowane ƙauye. Shugaban makaranta ya ce ai kwamfuta ta tace ne, ta fi mu sani, a kai takardar tasha a aika Gusau kafin azahar. Babu wanda ya musa.

Wata ƙawata 'yar Yargalma, wadda ba a taɓa wuce ta a lissafi ba, ta duba ba ta ga sunanta ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce Innarta ta riga ta daka mata garin tafiya, ta koma ta zauna.

Ni kuwa na ƙura wa takardar ido. Ƙauyen Dareta, ta uku ce ta fito. Tungar Guru, ta uku. Yargalma ma haka. Kuma ni na rubuta layin Perl ɗin da ya fitar da sunayen. Na tsaya a ƙofar ofis ina murza bakin hijabina har malamin kwamfuta ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Malam, duka na ƙarshe ta ɗauka."

"Mi kika ce? Ɗaga murya, ɗiyata."

Na maimaita. Ya sa aka sake tada janareto, ya duba. Sannan ya nuna mini da biro: na sa alamar da ke neman abu guda a wurin da ya kamata in sa mai neman jeri. Ya ce idan aka nemi jeri, waƙafi yakan haɗa sunayen duka ya miƙo. Idan aka nemi guda, sai kwamfuta ta bi su tana yarwa, ta riƙe na ƙarshe. Ba ta san maki ba, ba ta san kowa ba.

Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce in gyara da hannuna. Sunaye suka fito cif, na ƙawata a sama. Ta tafi Gusau ba ta san ni na kusa hana ta ba. Sai da muka girma na gaya mata, ta yi ta dariya, ni ban iya ba.

Tun ranar na koyi cewa na'ura yadda ka tambaye ta take amsawa, kuma kunyar da za ta sa ka haɗiye kuskurenka wani ne zai biya ta.