Hasken da Ya Karkata Zuwa Ja

Damina ce, shekarar da ɗan kawuna ya dawo hutu daga karatunsa na ƙasar waje. Taubashina ne, tun muna yara muke tsokanar juna, kuma tun kafin in san sunan abin nake sonsa. Hutun gajere ne. Abin da ke cina shi ne ban san ko zai koma ya bar ni da magana a hannu ba, ko kuwa zai tafi shiru kamar yadda ya zo.

Ran kasuwar Dungas da la'asar ya same ni a gindin bishiyar bedin ƙofar gidanmu.

"'Yar ƙauye, har yanzu littattafan soyayyar ne?"

"Kai fa, Yaya? An ce taurari kake kiwo. Nono suke bayarwa?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini salularsa. Na ga ɗige-ɗigen haske kamar an watsa gero a baƙin zane. Ya ce kowane ɗigo tarin taurari ne da ba sa ƙirguwa, kuma tarin nan su ma garke-garke suke zama. Aikinsa shi ne ya gane wane ne ɗan garke, wane ne ido kawai ya haɗa su alhali yana can baya da nisa.

"Ta yaya?"

Sai ga ɗan kabu-kabu ya wuce da gudu. Ya ce in saurara. Da yana tahowa kukan moton siriri ne, da ya wuce sai ya yi kauri. Haka haske yake, in ji shi. Masu irin aikinsa suna raba shi launi-launi kamar bakan gizo, in abu yana nisantar mu sai alamomin cikinsa su karkata zuwa ja. Daga karkatar suke auna gudunsa.

Na daɗe ina kallon gajimare ya yi ja a kan hanyar Magariya. Budurwa ba ta tambayar irin abin da ke bakina, don haka na ce, "Wanda ya yi nisa yana dawowa?"

"In ɗan garke ne, nauyin 'yan uwansa na jawo shi. In gudunsa ya yi yawa, shi ke nan."

Na shiga gida ina jin haushin ilimi.

Saura kwana kaɗan ya tafi, na ɗauki fura zan kai wa Baba gona, ana maimai. Tun daga nesa na jiyo waƙa da sowa. Samarin unguwar kawu ne jere cikin geronmu, hauya na tashi tana sauka. A wajenmu saurayi ba ya kawo gayya gonar mutum sai in 'yarsa yake nema, kowa ya san haka. Can a ƙarshen layi na hango shi, an bar shi baya, riga ta jiƙe, tafin hannunsa duk ƙurajen ruwa.

Baba ya tsaya a kansa yana girgiza kai.

"Ɗana, wannan da ka sare hatsi ne, ba ciyawa ba."

"A yi mini afuwa, Baba."

"Ajiye hauyar nan tun ba ka bar mu da yunwa ba. Ka ce wa mahaifinka ina gida bayan Juma'a."

Na sauke ƙwaryar a inuwar gawo, idona na kansa, har fura ta zube mini a zane.