Maman Nedu Mai Littattafan Teku

Duk wanda ya yi karatu a Samaru a farkon shekarun dubu biyu, in dai yana sayen littafin gwanjo, ya san shagon Maman Nedu a unguwar PZ. In ya ce bai sani ba, to ba karatu ya zo yi ba, yawo ya zo. Ainihin sunanta Bibiana, Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, ubanta ma'aikacin reluwe. Hausa a bakinta kuwa, sai dai ta gyara maka taka. Gajera ce mai jiki, da tabarau a kan karan hanci, kuma ba ta miƙa maka littafi sai ta tambaye ka wa zai karanta, a ina kuma zai zauna ya karanta. Na sha yin cacar baki da ita a kan wannan, don ni Raudatu ba na son tambayar ƙwaƙwa. Sai dai duk littafin da ta cusa mini ban taɓa ajiye shi a rabi ba, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.

A ƙuryar shagon akwai kanta guda da ba komai a kanta sai littattafan teku. A Zariya fa, garin da in ka cire Kubanni da dam ɗin Shika ba mu da ruwan nuna wa baƙo. Asalinsu na mijinta ne, marigayi Ejiofor, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki a jiragen ruwa masu dakon kaya. Mazan wasu in sun dawo daga tafiya atamfa suke kawowa, shi kuwa akwatin littattafai yake saukewa, suna warin gishiri da baƙin mai. Da su ta fara kasa kaya a kan tebur, kafin teburin ya zama shago.

Abin da ya haɗa ta da gidanmu shi ne ƙanena Suhail, autanmu. Ya gama karatun injiniya, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna har muka gaji da ganin ƙeyarsa. Ana nan sai wani kamfanin jiragen ruwa a Ikko ya ɗauke shi koyon aiki a ɗakin inji, tafiyar wata da watanni a kan teku. Innarmu, Hajiya Barakatu, ta sa albarka ba gardama, don ita a wurinta jirgi jirgi ne.

To, sai wautar Suhail ta motsa. Ya je bakin titi wurin masu kasa littattafai a ƙasa, ya sayo wani labarin teku don ya ɗanɗana abin da zai tarar, ya zo ya yar da shi a kan tabarmar Inna ya tafi ƙwallo. Inna ba ta yi boko ba, amma idonta ƙalau yake. A bangon littafin ga jirgi ya rabe biyu, ga mutane cikin ruwa sun ɗaga hannuwa sama. Da ya dawo ta nuna masa ta ce, "Auta, nan ne wurin aikin?" Ya fara kame-kame. Ta ce in ya tafi, ba da yawunta ba.

Shi kuma ya rantse ba zai ɗaga ƙafa ba sai da yardarta. Ranar da aka ce ya bayyana a Ikko tana ta matsowa, in ta wuce kuwa wani za a ba gurbin. Yaron ya daina cin abincin kirki, Inna ta daina fira. Ni tausayinsu duka ya kama ni, haushinsu duka kuma ya ishe ni.

Ranar wata Asabar na hau bas na sauka PZ. Na zayyana wa Maman Nedu komai, na ce ta ba ni littafin teku mai kyan bango, ruwa kwance, jirgi fes, in kai wa Inna.

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wato na yaudarar tsohuwa kike nema. Ba na sayar da irinsa, 'yata."

Na ce to ta bar shi, ba dole. Har na juya, sai na ji tana jan ƙofar shago. Ta cusa littattafai a jakar leda ta ce in wuce gaba, ita ba ta san lungunan Samaru ba.

A gida ta rusuna ta gaida Inna, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa da kunun zaƙi. Sannan ta sa aka kira Suhail, ta fara fito da kaya tana yi masa bayani kamar Inna ba ta wurin. Na farko littafin aikin ɗakin inji ne, mai zane-zane, har da yadda ake sauke kwale-kwalen ceto. Ta ce wannan ya haddace shi kafin ya ga ruwa. Na biyu na taurari ne da iskoki, ta ce in ya fito daga zafin inji ya ɗaga kai sama, gara ya san sunan abin da yake kallo. Ta ƙara masa wani da ba ruwa a cikinsa ko ɗigo, labarin manoma da damina, ta ce mijinta ya ce a tsakiyar teku ba abin da mutum ke marmari kamar ƙanshin ƙasa. Da ta ga littafin nan mai jirgin da ya rabe, sai ta ture shi da bayan hannu. "Wannan sai ka tsufa, ka karanta wa jikokinka kana kuri."

Inna duk tana ji. Can sai ta ce, "Maman Nedu, ke da naki ya yi ta tafiya, yaya kika yi da ranki?"

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Hajiya, ba zan ce miki ruwa ba ya cin mutum ba. Yana ci, ya ci wasu abokan aikinsa. Nawa dai kowace tafiya ya dawo, a kan gadonsa ya rasu a Sabon Gari. Amma abin da ya kusa zautar da ni ba tsoron ruwan ba ne. Rashin sanin abin da yake yi ne a daidai lokacin da nake tunaninsa. Ba waya, wasiƙa kuma sai ta ga dama."

Sai ta sa hannu a ƙasan jakar ta fito da littattafai biyu iri ɗaya sak. Labarin wani tsohon matuƙin jirgi ne, tafiya mai tsawo, yawancinta fenti da kankare tsatsa da faɗa da kuku a kan abinci. Ɗaya ya kumbura, shafukansa sun yi tauri saboda iskar teku. Ɗayan kuma duk ɗigon manja ne. Ta ce haka suka riƙa yi da Ejiofor: kowace Lahadi da yamma shi ya buɗe nasa a jirgi, ita ta buɗe nata a kicin, babi ɗaya, ba mai wuce wani. "A wannan lokacin na san inda idonsa yake. In na yi dariya, na san shi ma a nan ya yi. Ku sai ku mai da shi Juma'a bayan la'asar, Raudatu ta riƙa fassara miki. Bakinta dai ba ya gajiya."

Na buɗe baki zan rama, na ga ba lokacinsa ba ne. Suhail ya tambayi kuɗinsu.

Ta ce, "Sauran na sayarwa ne. Waɗannan biyun aro ne. Ban taɓa raba su ba tun da mai su ya rasu, kuma tare nake son a dawo mini da su."

Inna ta ɗauki mai manjan ta ɗora a cinyarta. Ta ɗauki mai kumburin, ta juya shi, ta shinshina, ta daɗe tana shafa bangon da tafin hannu. Ni dai na zuba mata ido, don na san Inna, in ta ce a'a sau biyu an gama.

Ta miƙa wa Suhail ba tare da ta dube shi ba.

"Ka dai ji da kunnenka, Auta. Kayan mutane ne. Ka dawo mata da shi da hannunka."