Memori Mai Giga Talatin da Biyu

Shekarar da na dawo Gaya da zama, gidan rediyon da na yi wa aiki a Kano ya bar mini fili na minti ashirin duk mako, shirin noma da kiwo. Nakan hau babur in shiga Kademi da Balan, wani lokaci har cikin Ajingi, in naɗi muryar manoma, in dawo gida in tace a kwamfuta, in tura kafin azahar ɗin Alhamis. Kwamfutar ta hannu ce, irin mai naɗewa, tun ina birni na saye ta. In rubutu ne ba ta gardama. Amma da zarar na buɗe manhajar tace murya na ɗora hira uku ko huɗu, sai ta ƙame. Fanka ta yi ta huci, ni kuma in zauna ina kallo.

Sau biyu a jere shirin ya makara. A na biyun shugabar sashen shirye-shirye ta kira ni a waya.

"Malam, ba na son a kai ga haka," in ji ta, "amma in aka sake makara zan ba wani filin. Akwai masu jira."

Na ce na ji, kuma da gaskiyarta.

Na san inda ciwon yake. Kwamfuta wurin ajiya biyu gare ta. Akwai rumbu, inda komai yake kwance, akwai kuma tabarmar da ake baza aiki a kai lokacin da ake yin sa. Rumbuna da sauran wuri, tabarmar ce ƙarama. Masu gyara suna ce mata ram. Tawa giga biyu ce. Na kira wani mai gyara a Kano, ya sa na buɗe bayan kwamfutar, na ga akwai gurbi guda ba komai a ciki. Ya ce in sami ta giga huɗu ta hannu in ƙara, ya faɗi farashin da zan iya. Ya kuma gargaɗe ni cewa iri-iri ce, a tsagar da ke tsakanin haƙoranta ake bambance su. Na ciro tawa na kwantar a bayan littafina na zana ta da biro. Maganar sabuwar kwamfuta ba ta ma taso ba, damina ce, abin da ke hannu ya tafi taki.

Zuwa Kano zai cinye mini yini da kuɗin mota. Sai na ba taubashina saƙon da kuɗin, ɗan kawuna, direba ne da ke jigila tsakanin Gaya da birni kullum.

A nan na yi kuskuren. A rediyo an koya mana mu zaɓi kalmar da mai sauraro ya sani. Na duba na ga in na ce masa ram, kamu zai ɗauka nake nufi, irin na ɓarawo. Sai na ce memori nake so na kwamfuta, giga huɗu.

"Memori? Shi ne har da zaunar da ni kamar za ka ba ni wasiyya?" in ji shi. "Ni da motata ba ta tashi sai da memori."

Ya kamata wannan maganar ta tsayar da ni. Hankalina yana wani wuri, ko zanen ban nuna masa ba.

Ranar Litinin da la'asar ya yi sallama, ya zaro wani abu daga naɗin hularsa ya ɗora mini a tafi. Bai kai farcen ɗan yatsa ba. Katin nan ne da ake sa wa waya.

"Kai ka ce huɗu don kai matsolo ne. Talatin da biyu na samo maka, mai kyau, ba jabu ba. Har na sa an loda maka wa'azi da waƙoƙin biki, ko ka riƙa sakin fuska."

"Wannan ai na waya ne."

"To da na jaki ne? Mai shagon ya ce kwamfuta ma tana ci."

"Tana ci, amma ba shi take jin yunwa ba."

"Ɗan boko ke nan! Ka ce memori, an kawo memori, ka ce ba memori ba. Gobe in ka aike ni gero sai ka ce dawa kake nufi."

Na tambaya ko za a karɓa a mayar. Ya ce an yage kwalin, an kuma yi lodi, wa zai karɓa? Ragowar kuɗin ba za ta sayi ram ba. Laifin nawa ne. Kalmar da ya sani na ba shi, ya kawo mini abin da ya sani da ita.

Washegari Talata na tafi Kademi, inda na yi alkawarin hira da wani malami mai makarantar Islamiyya, wanda ya yi suna wajen adana wake ba tare da magani ba. Muna zaure muna hira, idona ya kai kan kanta. Ƙarƙashin rajistar ɗalibai akwai kwamfuta mai naɗewa, ƙura ta rufe ta. Da muka gama na tambaya. Ya ce wani tsohon ɗalibi ne ya ba makarantar, ta faɗo gilashin ya fashe, daga baya ɗigar ruwa ta ƙarasa ta. An kai gyara an ce sai dai haƙuri.

"Allah ya gafarta Malam, ko za a bari in buɗe ta?"

"Me za ka nema a cikin gawa?"

Na yi masa bayanin rumbu da tabarma. Ya gane nan take. Na ari ƙaramin sukudireba wurin tela maƙwabcinsa, na kwance murfin. Ram guda ce a ciki, an rubuta giga huɗu a jikinta. Na ɗora ta a kan zanen littafina, tsaga ta hau kan tsaga.

Na nemi ya sayar mini. Ya girgiza kai.

"Kayan makaranta ne, ba nawa ba. Ba zan sa masa farashi ba, ba zan kuma kyautar ba."

Can na tuna ya ce da ƙaramar rediyo mai cin memori yake sa wa ɗalibai karatun gwanaye su bi, kuma katin ya cika. Na fito da nawa na ce a yi musaya, makaranta ta ba da abin da ba ya yi mata aiki ta karɓi mai yi. Ya kira mataimakinsa suka yi shawara a gefe. Suka amince.

"Sai dai akwai waƙoƙin biki a ciki, Malam."

"Waƙoƙin wa?"

"Taubashina ne ya sa aka loda."

"To ka goge su nan a gabana, ka gaishe shi."

A gida na cire batir, na zura ram ɗin a karkace cikin gurbin, na danna har maƙallan biyu suka ce ƙas. Na kunna. Allo baƙi ƙirin, fanka kawai ke juyawa. Na kashe, na ciro ta, na ga haƙoran sun yi duhu. Na goge su da kilinar fensir, na hure gurbin, na mayar. Wannan karon ta tashi. Na shiga inda take bayanin kanta, na ga giga shida.

Ranar Laraba na ɗora hira biyar a jere ina jiran ta ƙame, ba ta ƙame ba. Ba wai gudu take ba, har yanzu takan yi jim kafin ta ajiye aiki, ƙasanta kuma yana zafi, sai na ɗora ta a kan murfin kwano don iska ta shiga. Amma abin da na yanka yana yankuwa a lokacin da na yanke shi.

Da hantsin Alhamis na tura shirin. Shugabar sashen ta turo saƙo: "Ya iso." Bayan ɗan lokaci ta ƙara da cewa hirar waken ta zarce da minti ɗaya da rabi, in rage kafin azahar. Na buɗe na rage.