Ranar da Edita Ya Karanta Ƙasan Shafi

Ana ta yaɗawa a unguwa wai magoya bayan ƙwallo sun tsare ɗan goggona sun sa ya cinye jarida sukutum, har da shafin talla, kuma wai tun daga ranar in ya yi gyatsa sakamakon wasa ne ke fitowa. Jama'a, ku ji tsoron Allah! Ina wurin, kuma ƙarya ce. Gefen shafi ɗaya kawai ya tauna, shi ma ba wanda ya sa shi, haƙoransa ne ke kaɗawa suna neman abin kamawa.

Ɗan goggon nan nawa jarida yake sayarwa a bakin titi, tsakanin shagon mai walda da na mai aski, a kan wani tebur mai ƙafa uku da bulo wanda ya gada wurin babansa. Teburin nan shi ne cinsa, shi ne shansa. Siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Tsoro kuwa tun muna yara, kaza in ta kalle shi da ido ɗaya sai ya canza hanya. Edita ake kiransa, saboda wani tabarau da yake ɗorawa a kan hanci.

Yana da dabarar ciniki. Akwai wani mai sharhin wasanni a jarida da ake kira Mai Usur. Ba wanda ya san fuskarsa, hoton usur kawai ake sawa a saman rubutunsa. Duk ranar da sharhin ya fito, Edita sai ya hau benci, ya ninke jaridar biyu, ya karanta rabin sama da ƙarfi. In ya zo inda aka rubuta "ni na faɗa", har ƙirji yake bugawa. Da ya kai ninkin, daidai inda magana ta ɗau zafi, sai ya rufe ya ce, "Mai son ƙarshe ya saya." Shi kansa bai taɓa karanta ƙasan ba. Wai in ya san ƙarshe, muryarsa ba ta yin zaƙi.

Wata rana mai aski ya tambaye shi, "Edita, faɗa mini gaskiya, ko dai kai ne Mai Usur ɗin nan?"

Da ya ce a'a, da an wuce wurin. Amma sai mutumina ya gyara tabarau, ya yi murmushi, ya kalli sama. Shi ke nan! Daga ranar ba ya bin layi a wurin aski, a filin wasa kuma har tashi ake a ba shi inuwa.

To, ƙungiyar garinmu tana da wani tsohon gola da ake ce wa Katanga. Mutanenmu za su yafe maka in ka taka musu ƙafa, amma ba za su yafe ba in ka taɓa Katanga. Rannan Edita ya hau bencinsa, ya buɗe murya:

"Ni na faɗa, Katanga ya tsufa! Hannunsa ya zama kwando mai ɓulallen gindi. Kocin da ke sa shi a raga kuwa matsoraci ne, ihun 'yan kallo yake gudu."

Ya bugi ƙirji, ya rufe jarida, yana jiran masu saya. Ba wanda ya motsa. Sai aka ji injin walda ya mutu. Ban taɓa sanin titin nan yana iya yin shiru haka ba.

Mai walda shi ne shugaban magoya baya, damtsensa ya kai ƙugun Edita. Ya fito a hankali, ya ɗage baƙin gilashin fuskarsa.

"Edita, kai ka faɗa?"

"Wallahi ba ni ba ne, Yallaɓai. Ni karatu kawai nake. Ban ma san mutumin ba."

"Au, yau kuma ba ka san shi ba? Ranar inuwa ka san shi."

Suka kwashe jaridun kaf suka cinna musu wuta a bakin kwata. Guda ɗaya mai walda ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Gobe Katanga da kansa zai zo. A fuskarsa za ka karanta, daga sama har ƙasa. In bai gamsu ba, ko in ka gudu, teburin nan ya gama zama a titin nan. Sauran kuma tsakaninka da samarin can ne."

Samarin can kuwa suna tsaye sun harɗe hannu, ba mai ko ƙiftawa.

Na bi shi gida don in kwantar masa da hankali. Na tarar ya jingina katifa a ƙofar ɗaki, yana zaune a ƙasa bayan kujera. Babur in ya wuce sai ya zabura. Matarsa ta ajiye abinci har ya huce.

Goggo ta ce, "Wa ya aike ka, ɗan nan? Ubanka ya tsufa a kan teburin nan, bai taɓa cewa shi ya rubuta ko ranar wata ba."

"Goggo, murmushi fa kawai na yi."

Ni kuma na ce kada ya damu, ai Katanga mutum ne mai haƙuri, sai dai tafin hannunsa ya kai murfin tukunya, kuma an ce ya taɓa marin ƙwallo ta fashe. Ban san me ya sa wannan bai kwantar masa da hankali ba. Abin da ya fi cinsa shi ne ƙasan shafin. Bai san me ke ciki ba, kuma kwafin da ya rage yana aljihun mai walda.

Washegari da hantsi titi ya cika, har kan rufin shaguna. Ni ma na sami wuri mai kyau, kusa sosai. Katanga ya iso a ƙafa, yana ɗan ɗingishi. Ya tsaya gaban tebur, inuwarsa ta rufe Edita har da benci.

Mai walda ya zaro jaridar ya miƙa, Edita ya karanta rabin sama da wata 'yar murya kamar ta sauro. Ya zo ninki. Mai walda ya ce, "Juya."

Ya juya. Idonsa ya riga bakinsa sauka, sai na ji numfashinsa ya tsaya. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani: Mai Usur cewa ya yi magoya bayan Katanga garken tumaki ne, shugabanninsu kuma sun fi kowa toshewar kai. A nan ne ya kai takardar bakinsa ya tauni gefen.

"Muna jinka," in ji mai walda.

Edita ya manna jaridar a hancinsa yadda ba mai iya leƙawa. Sai ya fara karanta abin da babu shi a ciki.

"Amma... amma ni na faɗa, wa ya tsufar da shi? Mu ne. Na gan shi ranar ruwan nan, yatsansa a karye, ya ɗaure da tsumma ya koma raga ya tare fenareti. Na gan shi yana ɗingishi muna ihu kada a cire shi. Koci ya so ya hutar da shi, mu muka hana. Wanda ke son Katanga ya bar gwiwarsa ta warke."

Mai aski ya miƙo wuya zai leƙa jaridar, Katanga ya sa hannu ya karɓe ta, ya ninke, ya cusa a aljihunsa. Sannan ya sunkuyo dab da kunnen Edita, ni dai na ji da kunnena:

"Na karanta ta tun jiya a gida. Kai ba Mai Usur ba ne. Shi bai taɓa kallon gwiwata ba."

Ya miƙe ya dubi jama'a. "Ku bar masa teburinsa."

Mai walda ya sauke baƙin gilashinsa, wai hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Tebur yana nan har yau. Sai dai yanzu Edita daga ƙasa yake fara karatu, a ɓoye, kafin ya hau benci, kuma kowace jimla sai ya ce "in ji Mai Usur", ko da hasashen ruwan sama yake karantawa.

Jiya na je na same shi cikin mutane, na ce, "Ranka ya daɗe babban marubuci, a ba mu labarin rawar da ƙafafunka suka yi rannan mana."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Sun yi rawa, amma a tsaye suka yi ta. Kai da ke ƙarƙashin tebur ka rungume su, zo ka ga shatin farcenka, har yanzu yana ƙwaurina."