Shekarar da Malam Ya Sayo Bokoloji

Abubuwa da yawa sun sulluɓe mini a duniyar nan. Yanzu ko jikokina sai na kira sunan uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma ranar da maigidana ya shigo gari janye da bijimai biyu marasa ƙaho, da abin da ya biyo baya, wannan kam ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin, muna zaune a wani ƙauye kusa da Ƙarfi. Maigidana, wanda nake kira Malam, shi da yayansa gandu ɗaya suke nomawa tun rasuwar mahaifinsu. Gonar ɗaya ce, rumbun ɗaya, su biyun kuma a kwano ɗaya suke cin tuwo a zaure. Ni da faccalata, wato matar Yaya, kwana bibbiyu muke girki, kuma Allah ya haɗa jininmu. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ita ta koya mini kaɗin auduga. Ban da uwar da ta haife ni, ban san wadda nake so kamarta ba.

Ga yadda masu shanun huɗa ke yi a wajenmu. Za a sayi 'yan bijimai a horar da su, su yi damina uku suna jan garma, sannan a turke su a gida a ciyar da su har su ƙoshi, a sayar wa fatake masu kai shanun yanka kudu, a sayo wasu ƙanana. Don haka mai sayen sa yau, kasuwar shekara uku masu zuwa yake hange. Sai dai a ƙasarmu babu wanda ke wahalar da kansa da wani hange. Kowa farare yake saye, wato Bunaji, masu dogon ƙaho a tsaye, don su iyaye suka saya, su kuma fatake suka saba ɗauka.

A ranin da ya kamata mu canza shanu, sai kurkunu ya kwantar da Yaya, ko bayan gida sai da sanda. Dole ya aiki Malam Funtua shi kaɗai. Ina ji daga tsakar gida yana ja masa kunne: “Farare, masu ƙaho tsaye, irin na Baba.” Sau uku ya maimaita, Malam yana cewa to.

Kwana uku bayan nan, da la'asar, na ji hayaniya a ƙofar gida, na leƙa ta kan danga. Wallahi sai da na dafe ƙirji. Ga Malam nan riƙe da wasu halittu biyu masu launin toka, kunnuwa sun faɗo, fata na reto a wuya har ƙirji, ƙahon kuwa ɗan tsiro ne da bai fi babban yatsana ba. Bokoloji ne, irin na ƙasar Sakkwato, mu dai sai labarinsu muke ji.

Yaya yana kishingiɗe a bakin zaure, ƙafa a naɗe da tsumma. Ya dube su ya dubi ƙanensa.

“Ina shanun?”

“Ga su nan, Yaya.”

“Na ga jakuna masu tozo. Shanun da na aike ka nake tambaya.”

Malam ya durƙusa ya fara bayani. Ashe da ya sayar da tsofaffin, bai wuce kara, wato kasuwar shanu, ba, tashar jirgin ƙasa ya bi, ya yi rabin wuni yana kallon yadda ake loda shanu. Ya ce ƙahoni ne ke cika tarago tun nama bai cika shi ba, shanun na sukar juna, fatake na ta kumfar baki.

“Da can da ƙafa ake kora shanu kudu, Yaya, sai a nemi mai juriyar tafiya. Yanzu jirgi ke ɗauka, gobe mota ce. Wanda ya kama tarago, nama yake son kaiwa Ikko, ba ƙaho ba. Nan da damina uku, irin waɗannan za a riƙa bi gida-gida ana nema.”

Yaya ya ce, “Aikenka na yi, ban ce ka je ka yi mini duba ba.” Sannan ya ƙara da murya a kwance, irin wadda ta fi tsawa ban tsoro: “To ka ji. Ranar da za a sayar da su, in suka kunyata mu, a ranar za mu raba gandu. Kafin nan kowa ya ci a kwanonsa.”

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. Raba gandu yana nufin a auna gona, a kasa hatsi, a ja katanga ta tsakiyar gida, kowa ya fasa ƙofarsa. Ni da faccalata sai dai mu riƙa jin tarin juna ta bayan bango. Da magariba na zuba tuwo a kwano biyu. Ita kuwa ta karɓi ɗaya ta miƙa zaure.

Damina ta sauka, shanun Malam suka fara ba mu kunya tun ranar farko. Shanun gidanmu tun zamanin Baba a ƙaho ake ɗaura musu igiya, da ita ake juya su a ƙarshen kunya. Malam, mai hangen shekara uku, bai hangi wannan ba. Ya ɗora musu karkiya, ya zagaya igiya a kai, da ya ja sai ta zame ta faɗo ƙasa. Bijiman suka dubi juna, suka kama hanyar gindin wata ɗorawa da garma a bayansu, suka ratsa gonar maƙwabci suna tsaga masa kunyoyi a gicciye. Rabin gari na tsaye yana dariya. Sai da aka kirawo wani Bafulatani ya huda musu hanci sannan aka iya sarrafa su.

Daga ranar sunan Malam ya ɓace, ya koma Mai Gundumi, wato mai sa marar ƙaho. Ni kuma na zama matar Mai Gundumi. In na je rijiya, sai wata ta ce, “Yaya jakunanku, sun fara fitar da ƙaho?” Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Nakan rama, amma ramuwar wanda ba shi da hujja ba ta da daɗi, don gaskiya shanun ba su da sauri. Farare su gama huɗa da hantsi, namu sai azahar, kuma ba su son laka ko kaɗan. A shekarar farko audugarmu ta makara, Yaya ya wuce Malam a gona ko kallo bai ishe shi ba.

Ni ke ba su abinci in sun dawo: angurya, dusa, harawa da ruwan kanwa. Da farko da harara nake zuba musu, ina ce musu su ne za su raba mu da gida. Amma dabbobi ne masu sanyin hali, ba tunkuyi ba harbi, in na zo sai su ɗora mini kai a kafaɗa. Kuma duk abin da suka ci sai ya fito a jikinsu. Kafin in ankara na fara yi musu kirari.

Sai na koma tanadin ranar ramuwa. Na jera matan rijiya a zuciyata, wadda zan fara zuwa gidanta da wadda zan ƙare da ita. Shi ma Malam ban bar shi ba. Nakan ce, “Malam, in ranar ta zo, kada ka yi mini wannan sanyin naka. Ka ɗaga murya ka ce, ba na faɗa muku ba?” Sai ya yi murmushi ya ce, “Allah dai ya kai mu.”

Bayan damina ta uku muka turke su. Kafin su gama ƙoshi labari ya fara zuwa daga karar Malumfashi da kasuwar Dayi, wai fatake na tambayar Bokoloji. Wata safiya sai ga wani Alhaji, Bayarabe haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa fita. Ya wuce gidaje uku masu farare yana tambayar gidan Mai Gundumi, don haka kafin ya iso jama'a sun biyo shi. Aka fito da bijiman ƙofar gida, ni da faccalata muka maƙale a bayan danga.

Alhaji ya zagaya su, ya danna cinya, ya dafa tozo, ya shafa ƙirji, yana jinjina kai. Sannan ya juyo ya ce, “Wa ya zaɓo waɗannan? Shekara uku da suka wuce, ko mu da ke cikin sana'ar ba mu farga ba.”

Daɗi ya kama ni, na damƙi hannun faccalata. Sai na ji shi da sanyi ƙalau. Ba Alhaji take kallo ba, mijinta take kallo. Yaya yana tsaye gefe, kai a sunkuye, idon gari duk a kansa. A nan ne, ni da nake ganin kaina mai wayo, na gane abin da ban gane ba cikin shekara uku. Idan Malam ya ce “ni ne” a gaban wannan taro, Yaya ba zai sake iya haɗa kwano da shi ba. Shanun sun ci nasara, amma katangar za a ja ta duk da haka.

Malam ya ce, “Yayana ne, Alhaji. Shi ya aike ni, ni igiya kawai na riƙo.”

Jama'a suka dubi juna, don babu wanda bai san yadda aka yi ba. Yaya ya ɗago kai. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ko gishiri ya zubar sai ya ce kwanon ne ya karkace.

“Ƙarya yake yi, Alhaji. Farare na ce masa, har sau uku. Shekara uku ke nan ina gaba da yaron nan a kan shanun nan.”

“Amma Yaya, ai da ka ce a mayar da su, da na mayar. Ka bar su.”

“Ƙafa ce ba ni da ita a lokacin! Da ina da ita, ni da kaina zan kora su.”

“To wa ke zuwa bayan sallar asuba yana cire musu kaska, yana tsammanin ba a ganinsa?”

Yaya ya daburce. “Wannan don kada su mutu ne a ce ni na yi musu baki!”

Jama'a suka fashe da dariya. Ga 'yan'uwa biyu suna ta musu da jijiyar wuya, kowa na ƙoƙarin ɗora wa ɗan'uwansa yabo. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, “Bayin Allah, ni shanu na zo saya, ba shari'a na zo yi ba.”

Aka yi ciniki, aka tafi da bijimaina, na shiga ɗaki na share hawaye don na saba da su. Da azahar na ji gyaran murya a bakin tsakar gida. Yaya ne, bai dubi kowa ba.

“Wa ke da girki yau?”

Na ce, “Ni ce, Yaya.”

“Kwano nawa kike zubawa?”

“Biyu.”

“Ashe kwanoni sun yi muku yawa a gidan nan. A zuba a ɗaya.”

Ya juya ya fita. Faccalata ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ni ma na durƙusa na taya ta. Gandun nan ba a raba shi ba sai bayan su biyun sun kwanta dama.

Farare ba su ƙare ba, har yau su suka fi yawa a ƙasarmu, amma masu turka sun san darajar Bokoloji kamar yadda Malam ya hanga. Mutane sun daɗe suna yabon idonsa a kan shanu. Ni kuwa abin da na koya a ranar daban ne. Na ɗauka kuskure ne kaɗai ke rusa gida, ashe samun gaskiya ma yana rusa shi, idan mai ita bai san yadda zai riƙe ta ba. Tun daga lokacin, duk sanda na ci musu a kan wanda nake so, nakan dubi fuskarsa tukuna kafin in buɗe bakina.